Daga Tabanni Zuwa Wusasa: Labarin Haihuwar Almasihu a Bakin Mawaƙa

Tabanni ɗaya ce daga cikin gundumomi goma sha ɗaya na Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari a yammacin Jihar Kaduna, tana kuma ɓangaren gabas na masarautar Birnin Gwari, maƙwabciyar Kuyello da Kutemeshi da Dogon Dawa, inda gonakin masara da dawa suke kutsawa cikin ƙungurmin dajin da ya haɗe Kaduna da Neja da Zamfara da Katsina. Daga nan zuwa Wusasa, unguwar da ke kusa da dutsen Kufena a yammacin birnin Zariya, tafiyar ba ta cinye yini guda idan hanya ta yi kyau, amma matafiyin da ya yi ta a watan Disamba, lokacin da Kiristocin Arewa suke shirin Kirsimeti, wato bikin tunawa da haihuwar Yesu Almasihu, wanda Musulmi suke kira Annabi Isa ɗan Maryamu, zai ga yadda labarin da ya faru a Baitalami ta ƙasar Yahudiya ya sami wurin zama a harshen Hausa. Zai kuma fahimci cewa murya ce ta shigo da labarin cikin gida, kuma waƙar taron jama'a ba ta rayuwa sai inda mutane suke iya haɗuwa da dare ba tare da fargaba ba.

A wannan lokaci na shekara hunturu ya kankama, hazo ya rufe kan itatuwan ɗorawa da kaɗanya da maɗaci, rana kuma tana fitowa ja kamar garwashin da toka ta lulluɓe. An gama yankan dawa, an jingine karare buka-buka a gonaki, mata suna sussuka da shiƙa a bakin gari, ana ɗora buhunan masara da waken soya a kan babura da motocin a-kori-kura zuwa kasuwa. Fulani makiyaya sun sauko da shanu cikin gonakin da aka girbe domin su ci harawa da kara su bar taki, idan dare ya yi kuma ana hango wutar da suka hura a ruga, samari suna kewaye da ita saboda sanyi, kunnuwansu na ga garke. Mafi yawan mutanen Tabanni da kewayenta Musulmi ne, Hausawa manoma da Fulani, Kiristocin wannan shiyya ta yammacin Kaduna kuwa suna warwatse ne a ƙananan ikilisiyoyi, wato tarukan masu bi, musamman a tsakanin Gbagyi, waɗanda Hausawa suke kira Gwari, da kuma zuriyar Maguzawa. Duk da haka babu wurin da ya fi wannan daji dacewa da fara irin wannan tafiya, domin kusan duk abin da labarin haihuwar ya ambata yana nan a gaban ido.

Littattafai biyu ne daga cikin huɗu na Linjila suka kawo labarin, wato na Luka da na Matiyu. Luka ya faɗi yadda mala'ika Jibra'ilu ya zo wa budurwa Maryamu a Nazarat da albishir, da yadda umarnin ƙidayar jama'a da Kaisar Augustas na Rum ya bayar ya tilasta mata da Yusufu, wanda aka yi musu baiko, su yi doguwar tafiya zuwa Baitalami tana da tsohon ciki, da yadda suka rasa wuri a masauki har ta haihu ta naɗe jaririn da zanen goyo ta kwantar da shi a komin dabbobi, sannan aka fara sanar da makiyayan da suke kwana a fili suna tsaron garkensu. Matiyu kuwa ya kawo zuwan masana taurari daga gabas da kyautar zinariya da lubban da mur, da fushin sarki Hirudus wanda ya sa aka karkashe 'yan yara maza na Baitalami daga masu shekara biyu zuwa ƙasa, da yadda Yusufu ya tashi da dare ya ɗauki uwa da ɗa suka yi gudun hijira zuwa Masar. Bahaushen karkara ba ya bukatar a fassara masa komi, domin a cikinsa yake zuba wa tumakinsa dusa, ba ya kuma bukatar a bayyana masa kunyar baƙon da ya rasa masauki a garin kakanninsa. Mutumin Birnin Gwari na wannan zamani kuwa ya san sashen ƙarshe na labarin fiye da yadda yake so ya sani, domin ya ga mace da goyo tana barin gida cikin duhu.

Fiye da shekara goma wannan daji, wanda a cikinsa gandun namun daji na Kamuku yake, ya zama maɓoyar 'yan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane, har hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari da ta Birnin Gwari zuwa Funtuwa suka zama abin tsoro, ƙauyuka da dama suka watse, manoma suka riƙa biyan kuɗi kafin a bar su su girbe abin da suka shuka. A watan Nuwamba na 2024 gwamnan jihar, Uba Sani, ya je Birnin Gwari ya sake buɗe karar shanu da ta daɗe a rufe, bayan sulhun da aka ƙulla da wasu daga cikin masu ɗauke da makamai, motoci kuma suka fara komawa kan hanya. Asarar rayuka da dukiya ita ce aka fi lissafawa, kuma haka ya kamata, amma akwai wata asarar da ba ta shiga takarda, ita ce asarar dare. Makarantar allo da ake karatu a gindin wuta, da dandalin 'yan mata, da hirar tsofaffi bayan lisha, da koyon waƙa a majami'a, dukansu 'ya'yan dare ne, domin da rana kowa yana gona ko kasuwa. Ƙungiyar mawaƙan coci, wadda ake kira kwaya, tana bukatar mutum ashirin ko talatin su riƙa haɗuwa da maraice mako bayan mako kafin waƙa ɗaya ta nuna, saboda haka duk garin da aka hana wa fita bayan magariba an yanke wa mawaƙansa harshe, ko da ba a taɓa ginin majami'arsa ba.

Daga Tabanni matafiyi yana fita ta hanyar burji zuwa Dogon Dawa ya hau titin da ya nufi Funtuwa, garin auduga da masaƙa a kudancin Jihar Katsina, daga can kuma ya juya kudu maso gabas ta Giwa da Shika da Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take. Yayin da daji yake raguwa gonaki suna ƙara faɗi, za a fara ganin ƙananan majami'u a gefen wasu ƙauyuka, ginin ƙasa ko na bulo da rufin kwano, da gicciyen katako a bisa ƙofa, wani lokaci da tsohon ƙarfen wilin mota rataye a reshen bishiya a maimakon ƙararrawa. Masu sujada a cikinsu Hausawa ne gaba da baya, ba su da wani harshe sai Hausa, sunayensu da suturarsu da tuwonsu duk irin na maƙwabtansu Musulmi ne, da yawansu kuma zuriyar Maguzawa ne, wato Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya har cikin ƙarni na 20, waɗanda da dama daga cikinsu suka karɓi Kiristanci daga shekarun 1970. A makon Kirsimeti matasansu da suke aiki ko karatu a Kaduna da Kano da Abuja suna dawowa gida, shi ya sa tashoshin mota suke cika da buhunan shinkafa da kaji da sababbin ɗinkuna.

Tarihin Wusasa ya faro ne daga ayarin da ƙungiyar mishan ta cocin Angilika, wadda aka fi sani da CMS, ta turo ƙasar Hausa a 1900 a ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell. Ayarin ya isa Kano, Sarki Alu bai ba su izinin zama ba, sai suka koma Girku a kudancin Zazzau, garin da Walter Gowans, ɗaya daga cikin mutum uku da suka kafa mishan ɗin SIM, ya rasu a 1894. A cikin ayarin akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda ya zauna a cikin birnin Zariya daga 1905 yana magani yana koyarwa yana kuma fassara, har ya zama ɗaya daga cikin Turawan da suka fi kowa iya Hausa a zamaninsa. A 1929 aka fitar da mishan ɗin daga cikin ganuwa zuwa Wusasa, inda aka gina majami'a da makaranta da asibitin da ake kira Saint Luke, a 1932 kuma aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Miller ya kasance jigonsa. Daga wannan 'yar unguwa aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likitan zamani na farko daga Arewa kuma shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da Janar Yakubu Gowon wanda ya tashi a nan a gidan mahaifinsa mai wa'azin bishara, da John Tafida wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East.

Sai dai tushen jama'ar Wusasa ya riga zuwan Turawa, kuma wannan ne ya sa waƙarsu take da zurfin da ba na aro ba. A tsakiyar ƙarni na 19 wani malami a Kano, Malam Ibrahim, ya zurfafa nazarin ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Annabi Isa, har ya tara almajirai da suka ba Isa matsayi na musamman a ibadarsu, aka riƙa kiransu Isawa. An kashe malamin a Kano, mabiyansa suka watsu zuwa yankin Ningi da gabashin Zazzau, suna riƙe da abin da ya koya musu. A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka sadu da Miller, aka kafa musu mazauni a Gimi, amma cutar barci da ƙudan tsando yake yaɗawa ta hallaka da yawa daga cikinsu, waɗanda suka tsira, musamman yara, suka koma makarantar mishan. Saboda haka kakannin wasu daga cikin masu rera waƙar haihuwar Yesu a Wusasa sun fara jin labarin Maryamu da ɗanta ne da Larabci a kan allo, tun kafin su ji shi da Hausa a cikin Linjila.

Tsohuwar majami'ar Saint Bartholomew ita ce abin da baƙo yake fara nema. Ginin ƙasa ne irin na magina Hausawa, da katanga mai kauri wadda take riƙe sanyi da rana ta riƙe ɗumi da dare, da rufin soro da aka ɗora bisa bakan gizo, wato ginshiƙan da ake lanƙwasawa da azara a lulluɓe su da ƙasa har su haɗu a sama. Wanda ya taɓa shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, zai gane cewa sana'a ɗaya ce ta haifi gine-ginen biyu. Irin wannan ɗaki yana da tasa hulɗar da murya, domin ƙasa ba ta mayar da amo da kaifi kamar siminti da kwano, tana tausasa shi ne ta zagaya da shi ƙarƙashin baka, har muryoyin mutum talatin su narke su zama kamar ta mutum ɗaya mai faɗin ƙirji. Wusasa yanzu mazaunin bishop ce mai diyosis nata, wato yankin da bishop guda yake kula da ikilisiyoyinsa, akwai kuma kwalejin horar da limaman coci mai sunan Faransis na Assisi, waliyin Italiya wanda a 1223 ya shirya komi da ciyawa da dabbobi masu rai a ƙauyen Greccio domin talakawa su ga haihuwar da idonsu, al'adar da ta zama asalin wasan kwaikwayon da yaran Sande Sukul, wato makarantar Lahadi ta coci, suke yi har yau da tsummoki da sandunan kiwo.

Dalilin da ya sa wannan labari ya fi kowane sashe na Linjila jawo waƙa yana cikin littafin Luka kansa, domin a surori biyu na farko an saka waƙoƙi huɗu: ta Maryamu lokacin da ta ziyarci 'yar'uwarta Alisabatu, da ta Zakariya a ranar sunan ɗansa Yahaya, da ta rundunar mala'iku a gaban makiyaya, da ta tsoho Saminu lokacin da ya karɓi jaririn a Haikali. Ikilisiya ta ɗauki waɗannan ta saka su cikin addu'o'inta na safe da maraice tun ƙarnukan farko, kuma tun shekara ta 336 akwai shaidar ana bikin haihuwar a Rum ranar 25 ga Disamba. A Jamus, Johann Sebastian Bach ya tsara babban aikinsa na Kirsimeti kashi shida, aka rera shi a majami'un Leipzig daga Kirsimetin 1734 zuwa 6 ga Janairun 1735. George Frideric Handel ya rubuta Messiah, wato Almasihu, a 1741, aka fara rera shi a Dublin a 1742, kashinsa na farko kuma annabce-annabce ne da haihuwa. A 1818, a ƙauyen Oberndorf na ƙasar Ostiriya, limami Joseph Mohr da malamin makaranta Franz Gruber suka fito da 'yar waƙar daren Kirsimeti da aka fara rerawa da jita, wadda yanzu aka fassara zuwa ɗaruruwan harsuna. Tsarin da Angilika suka fi so kuwa shi ne na karatu tara da waƙoƙi, wanda Bishop Edward Benson ya fara a Truro ta Ingila a 1880, Kwalejin King's ta Kambirij ta ɗauka a 1918, gidan rediyon BBC kuma ya fara watsa shi a 1928, shekara guda kafin mishan ɗin CMS ya koma Wusasa. A wannan tsari ana karanta nassi tara, daga faɗuwar Adamu zuwa annabcin Ishaya zuwa haihuwar, ana raba tsakaninsu da waƙa.

Matafiyin da ya isa Wusasa ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti zai fi ƙaruwa idan ya zauna a bencin baya lokacin gwaji da la'asar sakaliya. Mawaƙan sun kasu huɗu bisa tsarin da aka gada daga Turai: sofarano, siririyar muryar mata da yara wadda take ɗauke da ainihin karin waƙar, alto, muryar mata mai kauri da take bin ta daga ƙasa, teno, muryar maza mai tashi, da bes, muryar maza mai zurfi wadda take zama harsashin ginin. Shugaban kwaya yana rubuta waƙar a allo da haruffan solfa, wato hanyar koyar da kari da sunayen matakan murya bakwai wadda John Curwen ya yaɗa a Ingila a ƙarni na 19, kuma ita ce ta ba wanda bai taɓa ganin rubutun kiɗa na Turai ba damar karanta waƙa. Yana fara koya wa kowane rukuni nasa layin shi kaɗai, kuma layin alto ko na bes idan aka ji shi shi kaɗai ba shi da wani daɗi, kamar zare guda ne da aka zaro daga saƙa. Sai ya ɗaga hannu ya ce, “Iyayena mata, a sassauta kaɗan, ku saurari na bayanku,” ya ba da alama, rukunai huɗu su shigo tare, a nan ne baƙo yake jin abin da ya sa tela da malamar asibiti da ɗalibi da manomi suke barin aikinsu su zo. Babban darasin wannan fasaha shi ne kowa ya riƙe nasa layi ba tare da ya danne na ɗan'uwansa ba, wanda kuwa ya fi kowa murya shi ne aka fi roƙo ya rage.

Akwai wata matsala da ta daɗe tana bin waƙoƙin da aka fassara, irin waɗanda suke cikin Littafin Waƙoƙi da ikilisiyoyin Arewa suke amfani da shi. Hausa harshe ne mai karin sauti, wato hawa da saukar murya a kan gaɓa suna canza ma'ana, haka kuma tsawon wasali. Kalmar da ake rubutawa fara tana iya zama launi, ko ƙwaron da yake cin amfanin gona, ko soma aiki, kunne ne kaɗai yake rarrabewa. A cikin labarin haihuwar ma akwai misali, domin komin da aka kwantar da jaririn gajeren wasali ne a gabansa, komi kuwa da yake nufin dukan abu ana jan wasalinsa, saboda haka idan karin da aka tsara domin Turanci ko Jamusanci ya ja gaɓar da ya kamata ta gajarta, mai sauraro yana iya jin wata kalma dabam. Mawaƙan Hausa na gargajiya da marubuta waƙoƙin ajami sun san wannan tun da daɗewa, shi ya sa suke auna baitinsu da gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Masu fassarar farko sun fi kula da adadin gaɓoɓi domin su dace da karin da suka zo da shi, jama'a kuma suka karɓi waƙoƙin suka so su, har suka zama gadon iyaye da kakanni waɗanda tsofaffi suke rerawa da ka, idanunsu a rufe. Amma kunnen Bahaushe bai daina neman waƙar da kalma da kari suke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba.

Mata ne suka biya wannan bukata. Zumuntar Mata, ƙungiyar matan aure da take a kusan kowace ikilisiya ta Arewa, ko ta Angilika ce ko ECWA, wadda ta fito daga SIM a 1954, ko Baftis ko Katolika, ita ce ta mayar da labarin cikin tsarin waƙar gida, inda jagora take bayarwa 'yan amshi suna karɓa, kamar yadda ake yi a waƙar daka da ta biki. Suna shigowa a jere cikin anko, zane da ɗankwali iri ɗaya, suna taku ɗaya, kayan kiɗansu kuma daga tsakar gida suka fito. Babba a cikinsu shi ne tulu, wanda mai kiɗa take ɗorawa a kan gammo tana bugun bakinsa da wani faffaɗan abu mai laushi, ya riƙa fitar da amo mai zurfi da ake ji a ƙirji kafin a ji a kunne, sai caki da ƙuge da 'yar ganga suna cike tsakani. Waƙoƙinsu ba a fassaro su daga ko'ina ba, wata daga cikinsu ce take tsarawa, sau da yawa ba tare da rubutu ba, saboda haka karin yana bin hawa da saukar maganar Hausa. Abin da suke zaɓa su jaddada ma ya bambanta, domin su sun san naƙuda da wankan jego, sun san abin da ake nufi da mace ta haihu a baƙon wuri babu uwa babu ungozoma, saboda haka Maryamun da take fitowa daga bakinsu mai jego ce da ake yi wa barka ana kuma tausaya mata. Ƙungiyoyin Sabon Rai, waɗanda suka samo asali daga shirin wa'azin da aka fara a Jos a farkon shekarun 1960, sun bi wannan sawu da nasu kiɗa, haka kuma Kiristocin Maraɗi da Tsibiri da Galmi a Jamhuriyar Nijar, inda SIM ta yi aiki da Hausa.

A sujadar waƙoƙin Kirsimeti ana jin salon biyu a zama ɗaya, babu wanda yake korar wani. Yaro ko yarinya yakan karanta nassin farko, manya su biyo baya har a kai ga limami, bayan kowane karatu kuma wata ƙungiya ta tashi. Kwaya tana tsaye cik cikin dogayen riguna, idonta a kan hannun shugaba, tana rera waƙar da aka tsara a Turai shekaru ɗari biyu da suka wuce, da ta zauna sai tulu ya ɗauka daga ɗaya gefen, matan Zumunta su taso suna rausaya, jama'a duka su karɓi amshi, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa kamar yadda ake yi idan an haihu a gida. Wannan guɗa ita ce shaidar da ta fi kowace ƙarfi cewa labarin ya zama ɗan gari, domin Bahaushiya ba ta yi wa haihuwar da ba ta shafe ta ba guɗa.

Washegari ana cika kwanuka da shinkafa da miya da nama da cincin, a ba yara su kai gidajen maƙwabta Musulmi, kamar yadda naman layya yake zuwa daga can idan Babbar Salla ta zo. Bambancin aƙida a fili yake, kuma babu amfanin ɓoye shi: Kirista ya gaskata cewa jaririn Ɗan Allah ne kuma Mai Ceto, Musulmi kuwa ya gaskata cewa Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, bawan Allah ne kuma manzonsa. Amma dukansu sun yarda cewa budurwa ce ta haife shi ba tare da uba ba, Alƙur'ani kuma yana da sura guda, ta 19, mai sunan Maryamu, wadda ta kawo naƙudarta a gindin dabino da maganar jaririn yana cikin tsumman goyo. Littattafan tarihin Musulunci sun ruwaito cewa wannan sura ce Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta a gaban Najjashi, sarkin Habasha Kirista, lokacin da Musulmin farko suka yi hijira zuwa ƙasarsa, sarkin ya yi kuka ya kuma ƙi miƙa su ga masu nemansu. Zariya ta ɗanɗani kishiyar wannan a watan Maris na 1987, lokacin da rikicin da ya tashi a Kafanchan ya bazu har aka ƙone majami'u da dama a garin da kewayensa, kuma waɗanda suka ga wannan rana sun fi kowa sanin darajar kwanon abincin da yake ƙetare titi.

Hanyar komawa ita ce dai ta Giwa da Funtuwa da Dogon Dawa, direbobi kuma har yanzu sun fi son su wuce dajin da sauran rana. An dai ƙulla sulhu a 2024, amana kuwa ba ta tsirowa da sauri a inda aka zubar da jini, saboda haka za a daɗe ana auna lafiyar Birnin Gwari da yawan motocin da suka shiga kasuwa da buhunan da aka fitar daga gona. Akwai wani ma'aunin da ya kamata a ƙara a kan waɗannan, wanda matafiyin da ya kwana a Wusasa ya dawo da shi a kunnensa. Idan a wani daren hunturu almajiran Tabanni suka zauna a gindin wuta suna karatun Suratu Maryam da ƙarfi har dare ya raba, a wani ƙauyen Gbagyi da ke bakin dajin kuma matan Zumunta suka fito da tulunsu bayan an ci tuwo, suka yi gwaji har suka gaji, kowace ta koma gida a ƙafa da 'yar fitilarta, makiyayin da yake tsaron garkensa a tsakanin garuruwan biyu yana jin duka muryoyin daga nesa bai kuma tashi ya kora shanunsa ba, to a ranar ce mutanen wannan daji za su ce dare ya dawo hannunsu.